An ba wani layin Baba

Yaya,

Na wuce wurin aiki, ban iya jiran dawowarki ba. Maganar rubuce-rubucen Baba ce, kuma babu daɗi.

Na gama haɗa manhajar shagonmu da dandalin da yake wallafa darussansa na gyaran keken ɗinki, don su riƙa fitowa a shafinmu. Izinin mai shafi kaɗai ya rage, tunda ya kulle shi lokacin da ciwo ya tsananta. Sai suka ce sun tura lambobin sirri zuwa wayarsa.

Yaya, ashe kamfanin waya ya ba wani layin. Na kira, wani mutum ya ɗauka, ina jiyo hayaniyar yara kusa da shi. Na ce masa mai layin na dā mahaifina ne, ya rasu, lambobin kawai zai karanto mini. Ya ce duk 'yan damfara haka suke faɗa. Ya zage ni tas, ya toshe ni. Wallahi ban ga laifinsa ba.

Na rubuta wa masu dandalin. Wai sai mai shafin ya nema da kansa. Da kansa fa!

Dabara ta ƙare mini. Duk abin da ya rubuta yana can, ba mu da hanyar shiga.

Abu ɗaya nake roƙo. Kin san Umma takan kira lambar nan idan kewa ta dame ta, ta ji an ce a kashe take, ta ajiye. Ki san yadda za ki yi ki hana ta. Yanzu ana ɗauka.

Autanku