Ranar da Baba Ya Yi Santi

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Saratu,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu. A nan ne ya kamata in tambayi lafiyarki, amma inda kike babu ciwon ƙafa balle zazzaɓi, don haka na tsallake. Wata bakwai ke nan da muka raka ki. Dalilin wannan wasiƙa shi ne Baba, kuma na san ko a can shi za ki fara tambaya.

Da aka watse daga zaman makoki, na kulle gidanku na Muciya na ɗauko shi zuwa wurina a Samaru. Bai yi gardama ba, kuma wannan ne ya fara ba ni tsoro, don kin san mijinki, ko kujera aka gusar masa sai an sha bayani.

Mama, Baba ya daina cin abinci. Loma biyu, uku, sai ya ture kwano ya ce ya ƙoshi. Wandonsa na zuwa coci sai da na kai wa tela ya rage ƙugu. A asibiti an auna komai, ba a ga wani abu ba sai hawan jinin da kika sani, aka ce in rage masa gishiri da dunƙule. Har addu'ar abinci ya bari. Mutumin da in ya fara sa albarka sai tuwo ya huce, yanzu ni yake nuna wa da haɓa in yi. Ran nan na ji yana gaya wa fasto wai shi ya gama aikinsa, kira kawai yake jira. Na shiga ɗaki na yi kuka, kuma ba zan ɓoye miki ba, na ji haushinki da kika tafi kika bar mini shi.

Kin tuna rigimarku a kan santi? Ke dai Allah bai ba ki kunyar santi ba. In kika zauna gaban faten tsaki da rama, kina sha kina kaɗa kai, sai ki fara sa wa manomin ramar albarka, ki koma kan wanda ya sussuka masarar, kafin kwano ya yi rabi kin yi alkawarin kai mu Urushalima gaba ɗaya. Mu kuwa muna dariya muna cewa a kawo wa Mama waigi kafin ta gangara. Baba, tsohon hedimasta kuma dattijon ikilisiya, sai ya ɗaure fuska ya ce babba ba ya santi.

Amsarki guda ce kullum: "Malam, da Allah ya so, da ya yi abinci ba daɗi, mu riƙa zubawa kamar yadda ake zuba wa mota mai. Tunda ya sa daɗi a ciki, so yake ya ji mun faɗa."

A lokacin kunya kike ba ni, musamman in na zo da ƙawayena na jami'a. Ga kuma daddawar batson nan taki da kike ajiyewa a tsohon gwangwanin madara, wadda in aka buɗe har maƙwabta sai sun sani. Sau nawa na ce miki abin ƙauye ne? Na ma taɓa cewa ba za ta shiga kicin ɗina ba, kika yi dariya kawai kika ci gaba da kaɗa miya.

To ga abin da 'yar bokonki ta yi da mijinki. Na mayar da abinci magani. Miya salam, ba gishiri ba ɗanɗano, ni kaina ba na iya cinta, amma in tsaya a kansa ina ƙirga loma ina cewa ya daure ya ci don ya sha ƙwayoyinsa. Wata bakwai, Mama, ban taɓa tambayarsa me yake marmari ba.

Yau Asabar na shiga kasuwar Sabon Gari sayen kuka, sai na ji ana kiran 'yar Saratu. Gwaggo Talatu ce, tsohuwar nan mai daddawa da kike tsayawa wurinta har in ƙosa. Ta yi mini ta'aziyya, sannan ta tambaye ni wa ke yi wa Malam miya, don tun rasuwarki ba wanda ya zo karɓar masa batso. Na ce ai na Mama ne. Ta dube ni kamar na yi saɓo. Ta ce ke ba ki damu da daddawar ba ko kaɗan, shi ne ya tashi da ita a ƙauye a hannun uwarsa, amma girman hedimasta ya hana shi faɗa, ke kuma kika ɗauki abin a kanki.

Shekara da shekaru ina tsokanarki a gabansa, ko sau ɗaya ba ki tona shi ba.

Na karɓo daddawar. A cikin keke, daga PZ har Samaru, matar da ke kusa da ni ba ta sauke mayafi daga hancinta ba. Da yamma na tuƙa tuwon dawa, na kaɗa miyar kuka da batso da ɗan busasshen kifi, gishiri kaɗan yadda likita ya ce. Na ajiye masa, na koma gefe ina tsince wake, ina satar kallonsa.

Ya daɗe yana duban kwanon. Ya yanki loma, ya ƙara, ya ƙara. Can sai na ji ya ce, "Rifkatu, ruwan Samarun nan naku akwai daɗi fa." Na duba kofinsa, yana nan cike, ko taɓa shi bai yi ba.

Ban san lokacin da na ce ko a kawo waigi ba. Ya yi dariya, irin wadda rabona da ji tun kina nan, dariyar ta koma kuka, na bar waken na zo muka yi tare. Da ya share fuska ya ƙarasa tuwonsa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ubangiji, mun gode." Bai taɓa yin addu'a gajeriya haka ba, kuma ban taɓa jin wadda ta kai ta shiga raina ba.

Sai yanzu na gane ki, Mama. Na yi watanni ina roƙon Allah ya yi wani babban abu a kan Baba, ina zuba ido a asibiti da taron addu'a, ashe alherinsa na nan a ƙullin daddawar da na raina. Ki yafe mini. Masu karanta wannan wasiƙa ta bayan kafaɗata ma, in suna da tsoho a gida, su tambaye shi abin da yake marmari.

Ban ce ya warke ba. Har yanzu yakan zauna shiru ya daɗe. Amma da na zo kwashe kwanuka, sai ya riƙe hannuna ya ce, "Sauran na tukunya kar ki ba kowa, ki ajiye mani ɗumame." Tun da kika tafi, yau ne karo na farko da na ji ya yi maganar gobe.

Ubangiji ya ci gaba da ba ki hutu a gabansa. Ya sāka miki duk tukunyar da kika ɗora saboda mu. Ya ƙara wa Baba kwana da lafiya, ni kuma ya koya mini godiya da baki a buɗe. Amin.

Na san kina kewarsa, amma ki yi haƙuri ki ƙara jiransa, Mama. Yana da ɗumamen da zai ci da safe.

Taki har kullum,
'yarki Rifkatu,
Samaru, Zariya.