Inci Huɗu a Ƙugun Auta

Gargaɗi tukuna: kada ka karanta wannan takarda a tsaye, kada ka buɗe ta a gaban abokan aikinka, kuma kada ka tsallake layi kamar yadda kake yi wa takardar magani. Ka wanke hannunka, ka nemi inuwa, ka zauna. Idan kuma wani ne ya tsince ta ba mai ita ba, ya ninke ya mayar, Allah yana kallonsa.

Zuwa ga maigidana, uban 'ya'yana, inuwata a tsakar rana, ruwan sanyina bayan doguwar tafiya, bangon da na jingina da shi shekara ashirin da uku bai taɓa cewa na yi masa nauyi ba.

Ka san ni ba mai zaƙin baki ba ce. Yaranmu Alƙaliya suke kirana a bayan idona, sun ɗauka ban sani ba. Amma tun da kamfaninku ya kai ku aikin gadar nan, wata biyu ke nan, gidan ya zame mini kamar gonar da ruwa ya ɗauke mata ana tsakiyar damina. Hularka tana rataye a ƙusar bayan ƙofa, na hana kowa taɓa ta. Ina taka keken ɗinki a shago, in ji an yi tari irin naka a titi, sai ƙafata ta tsaya da kanta. Wace irin kewa ce wannan da take kama mace mai furfura, ta hana ta zura zare a allura?

Ka tuna safiyar da za a shiga da ni tiyata? Sun ba ni rigar asibiti mai igiya a baya, hannuna bai kai ba. Kai ka zagaya ka ɗaure mini da yatsunka na walda masu kaushi. Ka riƙe takalmana a ƙirjinka har aka tura gadon. Kafin wannan ma, shekara nawa kana durƙusawa kana yanke mini farcen ƙafa don ba na iya sunkuyawa? Shekara nawa kana tsayawa a tsakiyar matakalar bene kana cewa kai ne ka gaji, alhali numfashina kake jira ya dawo? Wallahi ko tsuntsuwa ba ta tattalin ƙwanta yadda ka yi tattalin mutuncina. Likita ya ce suga da hawan jini da gwiwoyin nan sun haɗa mini kai, in ba a rage mini ciki ba ƙibar za ta kai ni ƙasa. Ka dube shi ka ce a yi, matarka kake so, ko da rabinta ne za a dawo maka da shi.

A wannan ɗakin ne ka roƙe ni alƙawari. Ka ce kada kowa ya ji, ko Yaya babbar 'yar'uwarka, ko 'yan'uwana, ko yara. Ka ce za su ce kwaɗayi ya kai ni aka yanka ni, za su ce na raina halittar Allah, ba za ka iya jin ana taunar sunana a gidajen mutane ba. Muka shirya cewa aikin matsarmama aka yi mini. Na san ƙauna ce ta sa ka, hasken idona. Na ɗauki alƙawarin da hannu biyu.

To yau na zo in gaya maka na karya shi. Ka ci gaba da karatu, kada ka ajiye.

Laifin nawa ne, kuma zan faɗe shi yadda nake faɗar na wasu. Da jikina ya fara zubewa, na rage rigunana sau uku, mata suka cika shago suna tambayar sirri. Da na yi shiru da ya fi. Amma ina! Sai Alƙaliya ta hau kujerarta. Na ce musu babu wani sirri, kame baki ne da tarbiyya. Na ce macen da ba ta iya tsawata wa cikinta ba, ba za ta iya tsawata wa 'ya'yanta ba. Ina zagaya musu tef a ƙugu ina girgiza kai. Matar mai gyaran waya, wadda take dariya har ta riƙe ƙofa, ta ce mini, "Ke dai Hajiya, bar mu da kayanmu, maigidan bai yi ƙorafi ba." Na bi ta da wa'azi har bakin titi. Yaya kuwa, da ta zo ta gan ni, cewa ta yi, "Ƙanena dai ya daina ciyar da ke, ko wata cuta ce kuke ɓoyewa?" Na ce mata azama ce irin wadda ba kowa Allah ya ba ba. Na ji daɗin maganar a bakina, Allah ya yafe mini.

Duk wannan Auta tana zaune a bayan tebur tana cire mini ragowar zare a jikin ɗinki, tana ji.

Ka san 'yarka. Shekara goma sha huɗu, jikina ta ɗauko, kumatu kamar sabon wata ya cika, ita ce mai shiga tsakaninmu da dariya in mun yi faɗa. A farkon zangon nan na auna ta don sabon yunifom, na ga ƙugunta ya ragu da inci biyu. Ka san abin da na yi? Na shafa kanta na ce, "Yawwa, yanzu kika fara hankali." Ni, uwarta! Na rubuta awon da alli a jikin yadi ina murmushi. Bayan sati biyar siket ɗin ya sake yi mata yawa, ta riƙa kama shi da fil a ɓoye. Ta daina zama cin abinci da mu. Ta ce ta ci a makaranta, a makaranta ta ce ta ci a gida. Ni kuma ina can kusurwar kicin ina cin nawa ni kaɗai a tsaye, don kada yara su ga ƙanƙantarsa, ban lura akwai kujera biyu da babu kowa a kai ba.

Ranar Talata da hantsi aka kira ni daga makaranta. Ta faɗi a layin taro, goshinta ya bugi siminti. Na tarar da ita a ɗakin nas, leɓenta fari fat kamar takardar nan. Nas ta zazzage jakarta tana neman ko akwai wani magani da take sha, sai ga ƙaramin kofina ya gangaro. Ka tuna shi? Kofin roba mai layi-layi da asibiti suka ba ni in riƙa auna abinci bayan tiyata, wanda na yi ta nema har na zargi mai wanki. Da shi 'yarka take auna abin da za ta ci a wuni. Kofin da aka yi wa cikin da aka yanke, shi yarinya mai girma take ciyar da cikinta lafiyayye da shi, wata uku cur!

Na tambaye ta dalili da irin muryata da ka sani. Ta ce, "Umma, ke kika ce kame baki ne kawai. Ke kin iya, ni na kasa, kullum sai yunwa ta ci ƙarfina. Na ɗauka ni ce marar tarbiyya."

Ya sanyin zuciyata, da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige. Ni da nake dukan tebur in yaro ya ce bai ga canjin aike ba, ni ce na shekara ina ƙarya da bakin wa'azi. Da muka dawo daga wurin likita na sa tef na auna ta, inci huɗu ke nan suka tafi. Likita ya ce jininta ya yi ƙasa sosai, kuma abin ba na sati ɗaya ba ne, za mu yi ta komawa. Har yanzu in na sa mata abinci sai ta kalli faranti kamar abokin gaba.

Jiya da la'asar na rufe shago, na kira ta ɗaki, na ɗaga rigata. Na nuna mata tabo biyar ɗin nan da kai kaɗai ka sani. Na sa yatsanta a kan kowanne. Na ce mata uwarki ba ta fi kowa ƙarfin hali ba, wuƙar likita ce ta yi abin da uwarki ta shekara ashirin tana kasawa, kuma ciwo ne ya kai ni, ba neman kyau ba. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Ashe." Wannan kalma tana nan a ƙirjina kamar tsinin almakashi.

Yanzu roƙona gare ka, ya kai wanda ban taɓa saɓa wa maganarsa ba sai jiya. Ka warware mini sauran alƙawarin. Na san abin da kake tsoro, kuma zai faru. Yaya za ta kai labarin ko'ina kafin rana ta faɗi. Matan shago za su yi mini dariya, kuma sun cancanta su yi, zan fara da ba matar mai gyaran waya haƙuri. Wasu za su ce maka ka kai matarka an yanka don ta yi maka kyau. Ka jure, kamar yadda kake jure tartsatsin wuta a hannunka. Me za mu yi da sunan da muka tsare idan muka rasa yarinyar? Ba zan bi mutane gida-gida da labari ba, cikina ba allon sanarwa ba ne. Wanda bai tambaya ba na bar shi. Amma ban san 'yar wa kuma take bayan wani tebur tana sauraron uwarta tana maimaita maganata ba.

Idan ka yi fushi, ka zo ka yi shi a gabana, ya fi mini shirunka daga nesa. Ni taka ce da ƙiba, taka ce da rama, taka ce ranar da fatar nan da ta saki za ta koma ƙasa. Kogin da kuke ɗora wa gada zai ƙafe kafin in juya maka baya. Ka dawo, Auta tana tambayarka, ni kuma ba na tambaya don kada muryata ta tona ni.

Matarka har ƙarshen numfashi,
Alƙaliyar gidanka.

Na jefar da kofin. Ga dokar da za ka tarar, na rubuta ta na manna a ƙofar kicin, kuma ta hau kanka kamar yadda ta hau kaina: a gidan nan ba mai cin abinci shi kaɗai a ɓoye, kowa zai zauna a tebur ɗaya da farantinsa a buɗe, ba mai auna jikin wani da baki, kuma duk wanda ya tambayi yadda aka yi na rame, gaskiya za a gaya masa.