Rasuwar Dakta Zuhura Maharazu da Kwalaben da Ta Bari

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Ma'aikatan Ɗakin Gwaji ta Bakin Iyaka, Illela, ta samu labarin rasuwar uwarta kuma malamarta, Hajiya Dakta Zuhura Maharazu Tozai, wadda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talatar da ta gabata bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayiyar ta shafe shekara goma sha ɗaya tana haɗa wani ruwan gwaji da ake ɗigawa a kan ƙwayar cuta mai rai, wanda idan ƙwayar tana ɗauke da enzayim, wato sinadarin da take lalata magani da shi, sai ta haska kore shar a ƙarƙashin madubin duba ƙwayoyin cuta, likita ya gane tun da wuri cewa wannan maganin ba zai yi aiki ba. A garin da ake sayen kafso a kasuwa kamar gyaɗa, mun san rayukan da hakan ya ceta.

Ruwan ba ya son haske ko zafi, shi ya sa take naɗe kwalabensa da tsohon baƙin zane ta ajiye a firjin gidanta, inda wutar sola ba ta yankewa. Mun sha yi mata tsiya cewa ta fi boka ɓoye kaya. Yau tsiyar ta ƙare mana.

Kwalabe bakwai ta bari. A ranar farko ta zaman makoki an fitar da uku daga firjin don a samu wurin sanyaya wa baƙi ruwa, suka wuni a tsakar gida, suka lalace. Ba mu ga laifin kowa ba, karamci ne ya jawo. Muna dai roƙon maigidanta, Alhaji Maliki, da ɗaukacin iyalai masu daraja, a bar sauran huɗun yadda suke har mataimakiyarta, Malama Shahida, ta zo ɗauka, domin babu wasu.

Da ɗigo ɗaya daga cikinsu aka gwada samfurin ƙarshe da marigayiyar ta ɗiba, na Malama Baraka daga Darna Sabon Gari, wadda ciwonta ya ƙi jin magani tun bayan haihuwa. Ya haska, aka sauya mata magani. Jiya Baraka ta zo gaisuwa da ƙafarta, goye da jaririyarta.

Allah Ya jiƙan Dakta Zuhura, Ya haskaka makwancinta, Ya ba iyalanta da mu haƙurin wannan babban rashi.

Sa hannu:
Alhaji Maccido Muktar Lafani
Sakataren Yaɗa Labarai