Shafin Ƙarshe na Littafin Moyna

Rajshahi, watan Satumba

Zuwa ga yayata abar ƙaunata, Apa Dilruba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mijinki Dulabhai da yara. Yaya ciwon gwiwar? Mu nan ƙalau muke, sai gajiya, ita kuwa ta riga ta zama 'yar gida.

Ki yi haƙuri da shiruna. Makon jiya an yi ta kirana makarantar su 'yata Nishat. Kin san yadda take toshe kunnuwa in an kaɗa ƙararrawa. To, 'yan ajinsu sun gano, sai su riƙa janye mata hannu don su ji ihunta. Malamarsu ba muguwa ba ce, yaran ne suka yi mata yawa. Ta kira ni Apa, wato Yaya, kamar yadda nake kiranki, ta ce, "Da akwai littafin da zan karanta musu kan wannan lalura ta galahanga, da na karanta. Ni kaina ban gane mata ba."

Na zaga kantuna na samo wasu, duk daga waje aka kawo su. Yaron da ke ciki yana da ɗakinsa shi kaɗai, da kare, da likita mai murmushi. Da aka karanta wa 'yan ajin, labarin karen kawai suka yi ta tambaya.

Shekara da shekaru ina zana hotunan littattafan wasu, sai na ce bari in zana namu. Yarinya ce 'yar shekara bakwai, na sa mata suna Moyna. Ba ta magana, tana jera murafen kwalba a bakin taga, ba ta cin komai sai farar shinkafa, in ta ji daɗi sai ta riƙa kaɗa hannuwa. Kin dai gane ko wace ce. Ina zanen ne a ɗan tsakanin da take makaranta, in ba a kira ni ba. Maigidana Shahed ya ce in aika wa wani mai buga littattafai a Dhaka. Na aika, ban dai sa rai ba.

Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Mahfuza

Rajshahi, watan Nuwamba

Apa Dilruba,

Assalamu alaikum. Ina fatan sanyi bai tayar miki da gwiwar ba. Saƙon ganyen shayi ya iso, Allah ya saka da alheri.

Mai buga littattafan, Kamrul Saheb, ya kira ni. Ya ce, "Zane ya yi, Apa, amma ƙarshen fa? An fara tana shiru, an gama tana shiru. Wane uba ne zai saya wa ɗansa wannan? Ko dai ta ci gasar lissafi, ko ta buɗe baki ta ce wa uwarta Amma, wato Mama."

Na ce 'yata ba ta san lissafi ba.

Ya yi dariya ya ce, "To ta ce Amma ɗin mana. Kalma ɗaya ce tak."

Na ajiye wayar raina a ɓace. Sai dai a makon ne shugabar makaranta ta fara zancen wai ko za mu nema wa Nishat wani wuri. Wane wuri, Apa? Babu makarantar da ban taka ba a garin nan. Shahed ya ce in yarda kawai, in shugabar ta ji littafi zai fito daga uwar ɗalibarta, za ta ji nauyin sallamar yarinyar. Ba ni da ƙarfin musu. Na yarda.

Abin da ban faɗa wa Shahed ba shi ne, ban sha wahalar zana shafin ba. A zama ɗaya na gama. Moyna ta ɗago kai, ta dubi uwarta, bakinta a buɗe. Ashe tuntuni hannuna ya san hoton. Nishat tana gefena a tabarma tana jera murafenta, ko kallona ba ta yi ba. Na tashi na ɗora shinkafa.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Mahfuza

Rajshahi, ƙarshen Fabrairu

Yayata Apa Dilruba,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya yara da karatu? Na dawo daga Dhaka jiya, jikina duk ya yi tsami.

Littafi ya fito, an kuma kai shi baje kolin littattafai. Yana tafiya sosai. Shugabar makaranta ta sayi nata, zancen sallama kuma ya mutu. Ya kamata in yi murna.

An zaunar da ni a rumfar Kamrul Saheb ina sa hannu a littattafai, sai ga wata mata da yaro ɗan kimanin shekara goma. Ta ɗaure wuyan hannunsa da bakin mayafinta don kada ya ɓace a cunkoso. Ta ce sunanta Hosne Ara, daga Bogura suka taso a mota. Wata maƙwabciyarta ce ta ba ta littafin, har ya fara tsufa a hannunta. Ta buɗe shafin ƙarshe ta tura mini.

Ta ce, "Apa, an ce 'yarki ce wannan. Don Allah wane likita kika kai ta? Me kika ba ta ta yi magana? Ni babu inda ban kai Rakib ba."

Kamrul Saheb yana tsaye a bayana, mutane na jira. Na ce, "Ba ta yi magana ba, 'yar'uwa. Har yau ba ta taɓa ce mini Amma ba. Ni na zana."

Na zaci za ta zage ni, kuma da ta yi, da ban ce uffan ba. Sai ta ja kujerar da ke gefena ta zauna kamar wadda aka sauke wa kaya. Can ta ce, "Taki tana yarda a yanke mata farce?"

Na ce sai mun riƙe ta mu biyu.

Ta ce, "Mu sai mu uku."

Muka yi dariya, Apa, irin wadda ba ta da daɗi amma tana sassauta ƙirji. Muka yi ta hira kan wanka da aski da gidajen biki da muka daina zuwa, har masu jira suka gaji suka watse. Rakib yana ta lilo da jikinsa a tsakaninmu.

Da za su tafi, ta ɗora littafin a kan tebur, ta danne shi da tafin hannu, ta yage shafin ƙarshe a hankali. Ta ce, "Sauran zan karanta wa ƙannensa, don Rakib ne sak a ciki. Amma wannan, uwar mijina ta gani, tun ranar take cewa ga wata uwar ta iya, ni ce na kasa." Ta ninke shi ta miƙo mini. "Riƙe abinki, Apa."

Kamrul Saheb yana so in yi littafi na biyu, wai Moyna ta shiga gasar waƙa. Na ce masa a'a, ban kuma tsaya yin bayani ba. Shafin yana cikin jakata. Ban jefar ba, ban kuma iya warware shi ba.

Ki gaishe da Dulabhai da yara. In kin samu dama ki zo, ko na kwana biyu ne, in ɗan yi barci.

Ƙanwarki mai kewarki,
Mahfuza