Khamis Ya Ƙi Zama a Ƙasa

Gauraka, Suleja.

Zuwa ga Yaya Tanimu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa irin ta ƙanwa ga yayanta, da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran mutanenmu na Fatakwal. Allah ya ƙara rufin asiri, ya sa wa nema albarka. Mu nan mun gode Allah. Ƙafar Baba ta yi sauƙi har yana lallaɓawa mahauta, ko da yake hirar da yake yi a can ta fi fawar yawa. Na zaɓi in rubuto ne don na san halinka a waya, kafin mutum ya kai tsakiyar magana ka ce ana jiranka a shago.

Maganar ƙaninmu Khamis ce. Ka san damben zamani na safar hannu ya zama sana'arsa. Watan jiya aka haɗa shi da wani yaro ɗan Legas a Abuja, Baba ya nace sai ya je ya gani, ni na raka shi. A turmi na biyu yaron ya same shi a haɓa, ya zube. Baba ya miƙe ya kaɗe riga ya ce mu tafi, an yi kisa. Ka san a damben gargajiya da ya yi da ƙuruciya, da gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa shi ke nan, an kashe ka, sai ka koma gida ka ci tuwonka. Shi a zatonsa nan ma haka ne. Sai ya ga alƙalin wasa ya tsaya yana ƙirga, Khamis ya kama igiya ya miƙe, aka sake sakar masa yaron.

Yaya, ban taɓa ganin duka irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake gani. Ya faɗi ya tashi, ya faɗi ya tashi, ido ɗaya ya rufe ruf, jini har kan wando. 'Yan kallo kuwa sai sowa suke, suna kiransa namijin duniya, da yake ba kansu ake bugu ba. Mai horar da shi, Oga Ignatius, ya ɗaga tawul zai jefa don a tsayar da wasan, Khamis ya juyo ya harare shi da idon da ya rage. Ashe ya taɓa rantse masa cewa ranar da ya jefa tawul ɗin nan sun rabu har abada. Baba yana ta ihu wai ya zauna, ya zauna a ƙasa, amma wa zai ji muryar tsoho a wannan hayaniya? A hanyarmu ta dawowa ya ce min su 'yan damben gargajiya kisansu na baki ne, waɗannan na gaske suke nema.

Likita ya ɗauki hoton kan Khamis, ya ce jini ya ɗan zuba a ciki, kuma naushi ɗaya irin wancan ya isa ya kai shi kabari ko ya kwantar da shi har ƙarshen rayuwa. Yanzu harshensa ya yi nauyi. Matarsa Bara'atu ta ce kofin shayi sai da hannu biyu yake riƙewa. Duk da haka ya amsa tayin sake karawa da yaron bayan Babbar Sallah, kullum da safe yana gudu har dutsen Zuma ya dawo. Baba ya zaunar da shi ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ya saurara da ladabi, sannan ya ce shi yayansa ya riga ya gaya masa yadda namiji yake.

Wai ranar da yaran Kurmin Sarki suka doke shi ya dawo yana kuka, kai ka kama kunnensa ka mayar da shi, ka ce namiji ba ya kwanciya a ƙasa sai ranar da aka sa shi a cikinta. Na tabbata ka manta, kai da ba ka iya yanka kaza ba. Shi bai manta ba. Ba laifinka nake gani ba, amma wallahi tsoro nake ji, kuma kai ka ɗaura, kai za ka kwance. Kada ka kira shi a waya, zai ce maka lafiya lau. Ka zo kafin Sallah, ka dubi idonsa ka ce ka janye maganar.

Baba yana gaishe ka, Bara'atu ma haka. A gaida Anti Sa'ida da Faruk da sauran yara. Khamis ya shigo ina cikin rubutun nan, ya ce in gaishe ka da kyau. Ya sha ruwa, ya ɗan zauna, sai ya tambaye ni wa nake rubuta wa. Da na gaya masa ya yi murna, ya ce don Allah in gaishe ka da kyau, kamar ba yanzu ya gama faɗa ba.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Sailuba