Ranar da Gwaggo Ta Ɗauki Alli

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara, a gaida mini Gwaggo da kyau.

Yaya, na zaɓi takarda ne domin maganar ba ta waya ba ce. Kin san ni ne sakataren kwamitin ladabtarwa na hukumar rajistar malamai, kowace ƙara ta teburina take bi. Jiya rahoton sufeto ya iso, na buɗe na ga makarantar da kike shugabanta. Ya ce ya tarar da mace marar lasisi tana koyarwa a aji ɗaya, alhali takardunku sun nuna mai kula da ɗakin littattafai ce. Tun kafin in kai ga sunan na san Gwaggo ce.

Sabuwar dokar ba ta da kwana-kwana. Marar lasisi ba ya tsayawa gaban allo, shugaban da ya ba shi aji kuma ana iya soke nasa lasisin. Ki faɗa mini yadda aka yi, kada ki rage komai.

Ni ne ƙaninki,
Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke. Gwaggo na amsawa, ko da yake ba ta san abin da ka rubuto ba.

To ga shi, ba ragi. Shekara talatin da ɗaya tana aji ɗaya, rana tsaka aka ce takardar shaidar koyarwarta ta tsufa, sai ta ci jarrabawar lasisi a kwamfuta. Sau biyu ta je. Karon farko ta zauna tana jiran a raba takardu har rabin lokaci ya wuce. Na biyu gilashinta da hasken kwamfutar suka ƙi shiri, ta amsa tambaya goma sha biyu cikin sittin aka ce a tashi.

Ni na mayar da sunanta ɗakin littattafai, ɗakin da babu komai a cikinsa sai kabad biyu da gara, na bar ta a ajinta. Ranar da sufeto zai zo na zaunar da ita can, na roƙe ta don Allah kada ta motsa. Na sa sabuwar malamar da aka turo mana, mai lasisi fes, ta riƙe ajin. Yara saba'in da huɗu, Auta! Baiwar Allah ta hango baƙo da fayil a bayan aji, ta rikice, ta tsayar da darasin. Aji ya kaure da hayaniya, kuma bango ɗaya ne tsakaninsu da Gwaggo.

Sai ga ta a bakin ƙofa. Ta yi tafin nan uku da ka sani, wanda har gobe in ka ji shi sai ka gyara zama. Aji ya yi tsit. Da ta tsaya nan da sauƙi, amma hannunta ya riga hankalinta, ta karɓi alli ta ƙarasa darasin. Sufeto ya tambayi yara wace ce wannan, suka haɗa baki: "Malamarmu ce!" Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Aikin nan shi na iya, ban iya wani ba.

Yayarka

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa. Na karanta takardarki sau uku.

Na sanar da shugaban kwamiti cewa ke 'yar'uwata ce, don haka ba zan zauna a shari'arki ba. Amma na san yadda take tafiya. Hanya biyu ce. In kin amsa cewa ke kika ba ta ajin, za a dakatar da lasisinki, wataƙila a soke shi baki ɗaya. In kuwa bayaninki ya nuna ta shiga ne ranar kaɗai ba da izininki ba, ke gargaɗi za a yi miki, ita kuma a hana ta shiga harabar kowace makaranta. Ko wacce kika bi, Gwaggo ta gama koyarwa. Abin da ya saura a ceta shi ne aikinki.

Kada ki tsine wa dokar, Yaya. A teburin nan na ga fayil ɗin wanda ya karya wa yarinya hannu, ya koma wata makarantar ya ci gaba abinsa. Na ga wanda bai iya karanta littafin da yake koyarwa ba. Dominsu aka kafa tarkon, sai dai tarko bai san na gida ba. Ana son bayaninki kafin Alhamis.

Ƙaninki,
Auta

Malam Sakatare,

Na amsa gaisuwa. Wato in rubuta da hannuna cewa matar da ta goye mu bayan rasuwar Inna, wadda ta kama yatsunka ta koya maka riƙe fensir, kutse ta yi mini a makaranta? Matar da ta sa ka durƙusa tun azahar har la'asar saboda ka ce akuya ce ta cinye aikin gidanka? Ka manta, ni ban manta ba.

Na ɗauki biro sau huɗu ina ajiyewa. Maigida ya ce in bi shawararka, yara na gabanmu. Na san yana da gaskiya, shi ya sa nake jin haushinsa. Takardarka na nan cikin aljihun teburina, ban amsa wa kwamiti komai ba. Bari Alhamis ɗin ta zo ta same ni.

Ka gaida iyali.
Yayarka

Ɗana Auta,

Ina gaishe ka, Allah ya yi maka albarka. Na je neman jan biro a teburin Yayarka na ga takardarka. Kada ka yi mata faɗa, ba ita ta nuna mini ba.

Jiya na kai wa kwamitinku bayani da ƙafata. Na ce ni na shiga ajin da kaina, shugaba ba ta taɓa ba ni izini ba. Na san na hana ku ƙarya. Wannan tawa ce, ni zan amsa ta gaban Allah, kada ɗayanku ya taɓa ta. Yayarka ta yi kuka, ta gama, ta tafi aiki.

Na ba sabuwar malamar kwalin allina, na koya mata tafin. Hannunta da sanyi, amma za ta iya.

Abu ɗaya nake so ka duba mini a dokar taku, tunda kai ka san ta. Gidana a kan hanyar yaran yake. In ɗayansu ya tsaya a ƙofata ya nuna mini harafi ya ce, "Malama, mene ne wannan?" an yarda in faɗa masa?

Gwaggonka