Ƙarar da Na Kai Saboda Barsu

Lahadi, 6 Oktoba 2024

Barsu bai ci komai ba tun Alhamis. Amai, sai kwanciya gindin rumbu. Karen mijina Kailu ne, kuma tun da Kailu ya rasu shi ke tsaron awakina. Yau na aza shi a amalanken jaki na ratsa kasuwar Filinge da shi, mutane na kallo, wasu na dariya.

Abdulgafar likitan bisashe yana shagonsa, Fulani sun cika ƙofa da raguna. Ni na koya masa karatu a lakkal, makarantar boko, ni na riƙe hannunsa ya fara rubuta sunansa. Ya leƙa amalanke ya ce, "Madam, har da kare?" Na zauna daga hantsi har bayan la'asar. Bai buɗe bakin karen ba, bai taɓa cikinsa ba. Ya zuƙi magani daga kwalbar da na ga yana yi wa shanu da ita, ya caka masa a cinya, ya goge hannu da rigarsa kamar ya taɓa najasa.

Litinin, 7 Oktoba

Barsu na rawar jiki da kumfa a baki tun safe. Na kira Abdulgafar a waya sau huɗu. Da ya ɗauka ya ce yana Bonkuku wurin rigakafin garke. "Ki ba shi ruwa, Madam." Ya kashe.

Talata, 8 Oktoba

Barsu ya mutu da azahar.

Laraba, 9 Oktoba

Na haƙa rami da kaina bayan garke. Sa'a maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "Tambara, kare ne hwa. Ki gode Allah ba akuya ba ce."

Mi zan ce? Ranar da Kailu ya faɗi a gona, karen nan ne ya zo ya ja bakin zanena har na bi shi. Na iske mijina da sauran numfashi, ya yi shahada kansa bisa cinyata. Ba don Barsu ba, da gawa zan tarar. Sa'a ta san haka, tana cikin waɗanda suka yi mini zaman makoki.

Lahadi, 13 Oktoba

Latifa ta kira daga Yamai. Ɗiyata ba ta yi dariya ba, Allah ya yi mata albarka. Ta ce akwai hukuma mai ba likitocin bisashe izinin aiki, kuma tana karɓar ƙara.

Na zauna na rubuta takarda da Faransanci, shafi biyu, babu kuskure ko na wasali. Shekara ashirin da shida ina gyara rubutun ɗiyan mutane, yau na ga ranarsa. Na sa launin kwalbar, na sa lokacin da na kira, na sa "har da kare?" ɗin nan yadda ya faɗe ta. Latifa za ta kai da hannunta.

Juma'a, 18 Oktoba

Dila ya shiga garke ya ɗauki ɗan akuyar ja. Da Barsu na nan ko kusa ba zai zo ba.

Litinin, 28 Oktoba

Shiru daga hukumar. Labari dai ya fita, ban san ta ina ba. A famfo wata ta ce a bayana, "Ga mai shari'ar kare." Na juya, duk suka sunkuyar da kai bisa bokitai.

Alhamis, 7 Nuwamba

Sun turo mai bincike, wata mata ce, Dokta Samiratu. Ban zaci za su zo ba. Ta zauna bisa tabarma ta sha ruwana, tana rubutu cikin kaye, littafin rubutunta. Ta tambayi shekarun karen, abin da yake ci, ko an zuba maganin ɓera a unguwa. Sannan ta ce, "Hajiya, kin ce tun Alhamis bai ci ba. Mi ya hana ki kai shi sai Lahadi?"

Na ce ina jiran ya warware da kansa.

Ba gaskiya ba ce duka. Kunya na ji. Tsohuwar malama ta ɗauko kare zuwa wurin likita, gari na gani. Kwana uku ina fita ina dawowa daga ƙofar gida. Wannan ban faɗa mata ba, nan kaɗai na rubuta.

Amma ba ni na caka masa allurar ba.

Alhamis, 21 Nuwamba

Takarda ta zo da hatimi. Maganin na shanu ne, kuma abin da Abdulgafar ya zuba ya fi ƙarfin kare nesa. Bai rubuta komai a littafinsa ba. An rufe shagon wata uku.

Na karanta sau uku. Na ɗauka zan yi guɗa. Na ninke ta na sa ƙarƙashin katifa, na tafi na ba awaki harawa.

Lahadi, 24 Nuwamba

Ƙofar shagon da kwaɗo. Wani dattijo daga Damana ya zo da saniya mai kumburin ciki, ya tsaya rana yana tambayar ina likita. Aka nuna masa ni da baki. Ya dube ni, ya ja saniyarsa ya tafi. Da ya zage ni da ya fi.

To, ni na ce Abdulgafar ya yi sakaci? Laifin wani ya koma kaina.

Litinin, 2 Disamba

Tunkiyar Sa'a ta kasa haihuwa. Sun yi ta ja da hannu har ta galabaita, aka yanka ta. Ita ce Sa'a ke kiwo don sunan jikanta. Na shiga yi mata jaje, ta juya mini baya tana tankaɗe. Ta ce, "Karenki ya ci tunkiyata, hankalinki ya kwanta?"

Shekara talatin muna aron wuta tsakaninmu.

Asabar, 7 Disamba

Abdulgafar ya zo da hantsi. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa nesa kamar zai karɓi bulala. Ya rame. Na bar shi durƙushe, ban ba shi tabarma ba.

Na jira ya ce in janye ƙara. Bai ce ba. Ya ce, "Madam, ban san maganin kare ba. An koya mana a makaranta, amma tun da na fito ban taɓa yi wa kare allura ba. Na ji kunya in ce miki ban sani ba gaban mutane."

Na ce, "Sau nawa na faɗa muku a aji, wanda bai sani ba ya ɗaga hannu?"

Ya ce, "Da yawa, Madam."

Ya tambayi inda na rufe Barsu. Na nuna masa da haɓa. Ya je ya tsaya can ɗan lokaci, bai san abin da ake faɗi a kabarin kare ba, ni ma ban sani ba. Da zai fita ya dubi akuyata fara ya ce idonta ya yi fari, a ba ta maganin tsutsa, amma shi ba shi da izinin bayarwa yanzu. Na ce ban tambaye shi ba.

Asabar, 14 Disamba

Akuyar fara ta fara zawo.

Ban yafe ba, kada wani ya ce na yafe. Abin da ya yi ya yi. Na dai rubuta wa hukumar wata takarda, layi shida, cewa garin nan da ƙauyukansa ba su da wani likita kusa, su duba ko wata ɗaya ya isa. Don tumakin mutane ne, ba don shi ba. Na ƙara layi guda a ƙasa, cewa ni ma na yi jinkirin kai karen. Na so in goge, biro ne, ba ya goguwa.

Na ba direban motar Yamai da kaina. Ya ce, "Madam, wata ƙarar ce kuma?"

Na ce ya kula da tuƙinsa.